Ubangida, Sharaɗi da Lago: Tarihin Yadda Bahaushe ke Auna Fim ɗin Mutum-mutumi

Duk wanda ya taɓa jin gardamar matasa bayan an tashi daga kallon fim, a Kano ne ko a Zariya ko a Birnin Gwari, ya san hukuncin da ya fi kowane zafi shi ne a ce an yi ƙarya. Abin lura shi ne inda ake ɗora wannan hukunci. Ba mai cewa an yi ƙarya don an nuna mutumin ƙarfe yana tafiya yana magana, ko don an ɗauki gawar ɗan sanda an haɗa ta da inji ta miƙe ta koma bakin aiki. Wannan duka an yafe shi tun daga bakin ƙofa. Amma a bari harsashin da ya kasa huda ƙirjin bos a farkon fim ya zo ya kayar da shi a ƙarshe babu wani dalili, nan da nan za a ji tsaki daga kowace kusurwa. Mai kallo bai san yadda ake ƙera kwamfuta ba, bai kuma damu ya sani ba, saboda haka ba da kimiyya yake awo ba. Abin da yake bin diddigi shi ne ko labarin ya cika alkawarin da ya ɗauka da bakinsa. Wannan ma'auni yana da tarihi a ƙasar Hausa, ya girmi sinima, ya girmi majigi, kuma ana iya tattara shi cikin tambayoyi uku da ake yi wa duk abin da ƙarfinsa ya wuce na ɗan Adam: wa ke da shi, wane sharaɗi ne ya ɗaure shi, kuma ina lagonsa yake.

Tushen abin yana cikin tatsuniya da kuma zantukan da mutane ke yi game da asiri. Mai tatsuniya ba ta ɓoye cewa ƙagawa take yi, har in za a rufe labari akan jingina ƙaryar a kan Gizo, amma jika ɗan shekara bakwai zai tsayar da kakarsa in ta sa Dodo ya yi abin da ɗazu ta ce ba ya iyawa. Macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajida yana da dokarsa, ruwa sai ranar Juma'a, kuma dokar ce ta sa kashe shi ya zama jarumtar da ta cancanci auren sarauniyar Daura. A wajen 'yan tauri abin ya fi fitowa fili. Wanda ke goga wuƙa a cikinsa a bainar jama'a ranar salla, 'yan kallo sun san cewa maganin ƙarfe, a faɗar masu shi, ba ya zuwa hannu banza: akwai wanda ya bayar, akwai abin da aka hana mai shi ci ko aikatawa, akwai kuma makari. A ƙasar Birnin Gwari, inda dajin Kamuku ya haɗe da na Kuyambana, maharba sun daɗe da zancen layar zana da baduhu da maganin bindiga, tun kafin a keɓe dajin a 1936, balle a mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Ko asirin yana ci ko ba ya ci, wannan wata magana ce daban. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake gina labarinsa. Ƙarfin da ba shi da iyaka ba ya haifar da labari, domin ba abin da zai sami mai shi. In kuwa gwarzo ya faɗi, dole mai ba da labari ya faɗi ta ina aka shigo masa, ko matarsa ce ta tona asiri, ko shi ne ya karya sharaɗi da hannunsa.

Da rubutun boko ya zo, a kan wannan ƙa'ida ya hau. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai, kuma biyu daga cikin littattafan da gasar ta haifar wa da ƙane ne suka rubuta su, 'yan Kagara da ke kudu maso yamma da Birnin Gwari: Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. Ganɗoki ya fara ne da yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa, inda takobi da laya suka yi karo da bindiga mai ruwa, sannan jarumin ya ƙetara zuwa duniyar aljanu inda jarumtarsa ke da sauran tasiri. Marubucin bai yarda ya sa takobi ya ci injin Nasara ba, domin masu karatunsa sun san yadda aka ƙare a yaƙin Kwantagora da na Burmi, kuma da ya yi haka da sun ajiye littafin. A zaurukan malamai kuma akwai hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, cikinsu har da dokin katako mai tashi sama in an murɗa wani maɓalli, wanda ɗan sarki ya haye bayan ya koyi yadda ake tashi bai tambayi yadda ake sauka ba. Duk tashin hankalin wannan wuri ya rataya ne a kan yadda na'urar ke aiki. Ƙera irin waɗannan abubuwa ma ba baƙo ba ne a tarihin Musulmi, domin a 1206 injiniya al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori, ciki har da mutum-mutumin da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu. A wajen tafsiri kuwa kowa ya ji ƙissar aljanun da suka ci gaba da yi wa Annabi Sulaiman, alaihis salam, aikin wahala bayan rasuwarsa, ba su farga ba sai da gara ta cinye sandar da ya dogara a kai. Wannan ƙissa gaskiya ce a wurin Musulmi, kuma ta saba wa kunnensa da batun ma'aikaci mai ƙarfi wanda ke ɗaure da umarni alhali saninsa yana da iyaka.

Turawan da suka kawo majigi ba su san da wannan gado ba. William Sellers, jami'in lafiya a Legas wanda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba da ɓeraye, shi ya jagoranci sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a 1939, kuma ra'ayinsa shi ne ɗan Afirka ba zai iya bin labari mai sarƙaƙiya ba, sai a yi masa fim a hankali, hoto ɗaya ya daɗe, ba dabarar kyamara. Da wannan tunani motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyukan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna tsabta da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai, wani ma'aikaci yana riƙe da lasifika yana fassarawa. Amma a daidai wannan zamani wata kasuwar tana tashi a birane. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, kuma duk da gobarar sinimar El Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka sama da 300, har wasu suka ɗauke ta a matsayin ishara daga Allah, jama'a ba su daina zuwa ba. Kwarorin da ke riƙe da gidajen sinima suka fara shigo da fina-finan Indiya, masu tsawon awa uku, cikin harshen da ba wanda ke ji, cike da 'yan'uwan da aka raba tun suna yara da fansar da ke jiran shekara ashirin. Mutanen da aka ce ba za su iya bin labari ba sai ga su suna haddace waɗannan fina-finai kakaf. Nagin na 1976 misali ne mai kyau: macijiya mai rikiɗa tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya, ta gane su ne saboda hotonsu ya zauna a idon mamacin. Ba wanda ya nemi hujjar likita a kan wannan. An kafa doka, fim ya bi ta har ƙarshe, mai kallo ya gamsu.

A can ƙasashen da aka ƙago labarin mutum-mutumi, marubuta sun yi ta fama da matsalar da mai tatsuniya ta daɗe da warwarewa. Wasan kwaikwayon Karel Čapek mai suna R.U.R., wanda aka nuna a birnin Prague a 1921, ya kawo ma'aikatan da kamfani ya ƙera suka yi wa masu su tawaye, fim ɗin Metropolis na Fritz Lang a Jamus a 1927 kuma ya kawo injin da aka sa wa fuskar mace don ya yaudari talakawa. Tawayen inji yana da ban tsoro, amma in an maimaita shi sau goma ya gundura, domin ba a san abin da ke iya tsayar da shi ba. Isaac Asimov ne ya kawo mafita a 1942 da dokokinsa uku, waɗanda taƙaicensu shi ne kada inji ya cutar da mutum, ya bi umarnin mutum muddin hakan bai kai ga cutarwa ba, ya kuma kare kansa muddin bai saɓa wa biyun farko ba. Wannan sharaɗi ne tsantsa, kuma labaran Asimov kusan duka a kan inda sharaɗin ke cin karo da kansa suke. A 1960 wasu masana biyu a Amurka, Manfred Clynes da Nathan Kline, suka kawo shawarar a haɗa jikin mutum da na'ura don ya jure zaman sararin samaniya, daga nan sunan Turancin da ake kiran jarumin da rabinsa mutum rabinsa inji ya samo asali. Hausa ba ta yi nisa da wannan zance ba, domin a 1969, shekarar da aka taka wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya.

Zamanin bidiyo ne ya kai mutumin ƙarfe inda sinima ba ta kai ba. Daga shekarun 1980 kaset ya riƙa fita daga kasuwanni irin su Ƙofar Wambai ta Kano yana shiga gidaje da ɗakunan kallo masu janareta a garuruwan da ba su taɓa ganin ginin sinima ba. A nan aka haɗu da The Terminator na James Cameron, fim ɗin 1984, wanda jaruminsa Arnold Schwarzenegger aka fi sani da Kwamando. In aka ɗora shi a kan tambayoyin nan uku, sai a ga dalilin da ya sa ya zauna daram. Ubangidansa sananne ne, wata kwamfuta ce da ta ƙwace mulkin duniya ta aiko shi daga shekarar 2029. Aikinsa ɗaya ne, ya kashe Sarah Connor kafin ta haifi wanda zai jagoranci mutane, kuma ba ya karkata ga komai sai wannan. Har tambayar da mai kaifin hankali zai yi, me ya sa mutumin da aka aiko daga wancan zamani ya kare ta bai taho da makaman zamaninsa ba, fim ɗin ya amsa ta: na'urar tafiya cikin lokaci ba ta wuce da komai sai abu mai rai, shi kuwa injin ya wuce ne don an lulluɓe shi da tsoka. Lagonsa ma an gina shi mataki-mataki, wuta ta cinye naman, bam ya raba shi biyu, injin matse ƙarfe ya ƙarasa shi. Akwai ƙulli guda da masu nazari a Turai suka daɗe suna jayayya a kai, wato wanda aka aiko ya kare matar shi ne ya zama uban yaron da ya aiko shi. Ga mai kallon da ya tashi da imani da ƙaddara wannan bai zama matsala ba. Kwamfutar ta yi yunƙurin hana haihuwar abokin gabarta, sai yunƙurin ya zama sanadin haihuwarsa, an gudu ba a tsira ba.

RoboCop na Paul Verhoeven, wanda ya fito a 1987, ya fi kowane kusa da zubin labarin asiri. 'Yan fashi sun kashe ɗan sanda Alex Murphy a birnin Detroit, kamfanin OCP ya ɗauki abin da ya rage na jikinsa ya gina inji a kai, ya ɗora masa dokoki uku na fili da suka shafi yi wa jama'a hidima da kare marar laifi da tsayar da doka, da kuma ta huɗu wadda aka ɓoye har ga shi kansa. Sai da ya je kama babban jami'in kamfanin, Dick Jones, jikinsa ya ƙi motsi, sannan aka gane ta huɗun: ba shi da ikon taɓa manyan kamfanin. Wannan shi ne makarin da mai ba da magani ke riƙewa don kada wata rana a juyo kansa. Warwarar kuwa ba ta karya dokar ba. Shugaban kamfanin ya kori Jones daga aiki da baki a gaban kowa, nan take ya daina zama babban jami'i, nan take hannun Murphy ya saki. Ko wanda bai ji Turanci ba, da zarar na kusa da shi ya raɗa masa cewa an kore shi ne, zai ji daɗin da ake ji in Gizo ya kuɓuta ta wata kafa da ke cikin sharaɗin tun farko. Ɗaya injin na fim ɗin ma, ƙaton nan ED-209 mai manyan bindigogi, matattakalar bene ce ta kayar da shi, domin ba a ƙera ƙafarsa don sauka a kanta ba.

Da wannan ma'auni ne kuma ake kama fim in ya yi sake. A kashi na biyu na Terminator, na 1991, an kyautata wasu abubuwa: an sauya wa injin ubangida, ɗan Sarah Connor ya hana shi kisa, sai ya koma harbin gwiwa, a ƙarshe kuma ya nemi a saukar da shi cikin narkakken ƙarfe don ba shi da ikon halaka kansa. Amma sabon bos ɗin ruwan ƙarfe ne zalla, ba tsoka ba fata, kuma fim ɗin bai faɗi yadda ya bi ta na'urar da aka ce abu mai rai kaɗai ke wucewa ba. Wanda ya riƙe dokar kashi na farko yana da haƙƙin ya yi tsaki. I, Robot na 2004 ya ɗauki dokokin Asimov ya nuna kwamfutar da ta yi musu tawili har ta kai ga cewa kare ɗan Adam yana nufin tsare shi da ƙarfi, wanda hanya ce ta halal a labari, tun da daga cikin dokar ɓarnar ta fito. Enthiran na Indiya kuwa, wanda S. Shankar ya shirya a 2010 da Rajinikanth a matsayin masanin da kuma injinsa Chitti, ya taɓo wani wuri da Amurkawa ba su cika zuwa ba. Chitti ya ceto wata yarinya daga gobara alhali tana wanka, ya fito da ita tsirara gaban jama'a da kyamarori, kunya ta sa ta ruga a guje mota ta kaɗe ta. Injin ya cika umarnin ceton rai, abin da ya rasa shi ne sanin sutura. Lagon da aka nuna a nan na tarbiyya ne, kuma mai kallon da ya tashi a gidan da kunya ke da daraja ba ya buƙatar a yi masa sharhi.

Sana'ar mai riƙe da lasifika a majigi ba ta mutu ba, ta sauya kaya ne. A zamanin ɗakin kallo akwai wanda ya riga kowa ganin fim yana zaune yana bayani, daga shekarun 2010 kuma ɗakunan fassara na Kano, wanda ya fi suna cikinsu shi ne Algaita, suka mayar da abin cikakkiyar sana'a, suna ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan ƙetare, masu tura fim a waya suna rarraba su har rugage da ƙauyukan bakin daji. Mai fassara yana ƙara barkwanci da karin magana, yana sauya wa jarumai suna, amma akwai abin da ba ya wasa da shi. Dole mai kallo ya fito ya san wa ya aiko wa, me aka hana wa, da me za a ci wa. In fim ɗin asali ya bar rami, sau da yawa mai fassara kan cike shi da jimla ɗaya, domin ya san irin kunnen da ke saurarensa.

Za a iya cewa duk wannan ɗora wa mai kallo nauyin da bai ɗauka ba ne, cewa abin da ya kai matasa ɗakin kallo faɗa ne da fashewar motoci, tun da yawancinsu ba sa jin abin da ake faɗa. Gaskiya ne faɗa yana jan mutane. Amma rashin jin harshen yana ƙarfafa hujjar ne. Wanda ba ya jin magana ya dogara kacokan a kan abin da ido ya gani: an harbi wannan bai faɗi ba, kare ya yi haushi da ya gan shi, wuta ta ƙone shi ya tashi. Daga waɗannan yake haɗa dokar da kansa, saboda haka ya fi mai jin Turanci saurin ganin inda aka karya ta, domin ba a iya lallashinsa da dogon bayanin da aka sa a bakin wani farfesa. Ban da haka, fim a ƙasar Hausa yana da rayuwa ta biyu a bakin mutane, a majalisa da makaranta da wajen aiki, inda wanda ya gani ke ba wanda bai gani ba. Fashewar mota ba ta bayuwa da baki. Abin da ke tsira a wannan tafiya shi ne ƙashin labarin, kuma fim ɗin da ƙashinsa bai haɗu ba yakan mutu a bakin mai ba da shi na farko.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Mai ita zai ce haɗa inji da aljani a ma'auni ɗaya raina kimiyya ne, kuma yana koya wa yara su ɗauki fasaha a matsayin tsafin Bature maimakon abin da su ma za su iya koya su ƙera. Akwai gaskiya a ciki, kuma a ajin makaranta dole a raba su sarai, domin inji ana buɗe shi a ga wayoyinsa, a gwada, a gyara. Amma a cikin fim ba wanda ke buɗe komai. Na'urar tafiya cikin lokaci ba ta da wani tushe a ilimin da ake da shi, kuma dokokin Asimov ba a taɓa ɗora su a kan wani inji na gaske yadda ya rubuta su ba. Dabarar marubuci ce don labari ya sami abin riƙewa. Ba'amurken da ke kallon RoboCop bai fi Bahaushe sanin yadda za a haɗa ƙwaƙwalwa da waya ba. Dukansu sun karɓi abin al'ajabi bisa sharaɗi, kuma ɗabi'ar tambayar ko sakamako ya bi daga dokar da aka kafa ita ce farkon tunanin kimiyya. Yaron da ke gardama a kan yadda ruwan ƙarfe ya wuce ta na'urar ya fi kusa da ɗakin gwaje-gwaje a kan wanda ya haɗiye komai don an ce masa fasaha ce.

Akwai kuma mai cewa in da wannan gado yana da ƙarfi haka, da masana'antar fim ta Kano, wadda ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta yi suna da irin waɗannan fina-finai. Dalilin rashin hakan a fili yake. Mutum-mutumi mai gamsarwa yana cin kuɗin da kasuwar kaset da faifai ba ta taɓa iya mayarwa ba, soyayya da rikicin gida kuwa ɗaki biyu da mota ɗaya sun ishe su. Ga kuma taka-tsantsan game da nuna ɗan Adam yana ƙera abu mai kama da rai, a masana'antar da tun 2001 take ƙarƙashin hukumar tace fina-finai ta jihar Kano. Duk da haka zubin bai ɓace ba, yana nan a fina-finan boka da aljani, inda mai neman duniya ke karɓar asiri da sharaɗi, ya karya, abin ya juyo kansa. Abin da ya rage wa marubucin Hausa shi ne ya gane cewa kayan aikin da ke hannunsa sun isa ya rubuta labarin inji, kamar yadda Umaru Dembo ya gwada fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Abu ɗaya ne fim ɗin inji ya ƙara a kan gadon da ya tarar, kuma shi ya fi cancanta a riƙe. A tatsuniya ubangidan Dodo ɓoyayye ne ko babu shi, amma a waɗannan fina-finai ubangida yana da ofis da kasafin kuɗi da sa hannu: kamfani ne, ko rundunar soja, ko masanin da ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari. Wannan ya daina zama zancen nishaɗi a jihar Kaduna. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, babban hafsanta na lokacin Taoreed Lagbaja ya je ya ba da haƙuri. Jirgin bai yanke shawara da kansa ba, mutane ne suka duba hoto suka ba da umarni. Amma duniya tana matsawa zuwa makaman da za a bar wa wani ɓangare na shawarar, kuma a ranar da aka ce na'ura ce ta yi kuskure, mutanen da ke zaune a bakin dazuzzukan da ake shawagi a kansu za su buƙaci su san wa ya saye ta, wace doka aka ɗora mata, wa ya rubuta dokar, kuma wa ke da ikon kashe ta. Al'ummar da ta saba ƙin yarda da labarin da ya karya dokarsa tana da abin da za ta tuhumi irin wannan bayani da shi, kuma ya kamata makaranta da jarida da masu shirya fim su ƙarfafa wannan ɗabi'a da gangan.